Ranar da Mata Suka Gwada Wuƙaƙen Yayana

Abubuwa da yawa sun faru da ni tun zuwana Ingila waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma abin da ya shiga tsakanina da yayana a kan wuƙar yanka nama, wannan kam ba na jin zai fita daga raina ko da tsufa ya ci ƙarfina. In na ba mutane labarin sukan yi dariya su ce, wuƙa kawai? Ni ma yanzu dariyar nake yi. A lokacin kuwa, abinci ma da ƙyar yake wuce mini.

Ni akanta ce, a Salford nake aiki, muna zaune a Levenshulme da maigidana da yara. Mu matan Hausawa na Manchester muna da 'yar mujalla da muke fitarwa lokaci-lokaci, rabi Hausa rabi Turanci. Ba wata babba ba ce. Ana buga kaɗan a raba a masallaci da wajen suna, sauran a tura ta waya, sai ka ji ta kai Birmingham da London, har gida Najeriya. Editarmu wata dattijuwa ce, likita ce, GP, da ta yi ritaya, tana zaune a Moss Side, kowa Hajiya yake ce mata. Ni ta ba shafin kicin. Ba girki nake koyarwa ba, akwai waɗanda suka fi ni hannu nesa ba kusa ba. Nawa shi ne in gwada kayan aiki in faɗa wa mata wanda zai jure irin girkinmu, domin injin da aka yi don ya niƙa ayaba da madara, ranar da ya haɗu da waken ƙosai sai ya fara hayaƙi.

Abin da ya sa na karɓi shafin da hannu biyu shi ne haushin mujallun girki da ake sayarwa a manyan kantuna. Duk wuƙar da suka gwada sai su ce babu kamarta, kana juya shafi ka ga tallar kamfanin da ya yi ta. Na taɓa sayen wata saboda irin wannan yabo, ta kasa raba cinyar kazar nan mai tauri da muke so a miya. Don haka ni a shafina, abin da hannuna ya gani shi nake rubutawa, kuma mata sun san haka.

Da Babbar Sallah ta fara matsowa a wata shekara, Hajiya ta ce in yi rubutu a kan wuƙaƙe. Dalilinta a fili yake. A nan ba mai yanka rago a tsakar gida. Mahauci ake ba wa, a je a karɓo naman a cikin kwali, manya-manyan gunduwa, sauran aikin kuma na gida ne. A ranar ne mace take sanin ko tana da wuƙa ko ba ta da ita. Na tattaro wuƙaƙe iri-iri, wasu na saya a shagunan Stockport Road, wasu na aro.

Ina cikin haka yayana ya kira daga Birmingham. Shi ne babba a ɗakinmu, injiniya ne a wani kamfanin ƙera kayan mota. Tun da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe mu. Shi ya tsaya mini har na zo karatu, a flat ɗinsa, wato ɗan gidan da yake zaune, na yi shekarata ta farko a jami'a, shi ya koya mini hawa bas da sayen rigar sanyi. Shekaru ya yi yana mafarkin fara sana'ar kansa, kuma wuƙa ya zaɓa. Da hannunsa ya zana su, babba ta nama da ƙarama ta fira da yankan kayan miya, ya ba wata masana'anta a ƙasar waje ta ƙera masa. Kwalayen sun cika masa gareji. Bai fara sayarwa ba, Sallah yake jira.

"Auta, na ji za ki yi rubutu a kan wuƙaƙe," in ji shi. "To, nawa suna hanya. Na yi magana da Hajiya ma, na ɗauki bangon baya na talla."

Na ce, "Allah ya sa albarka, Yaya."

"Ki gwada su sosai fa. Ba na neman alfarma."

Yana dariya ya faɗa, irin dariyar wanda ya tabbata ba zai buƙaci alfarmar ba.

Gaskiya da na buɗe kwalin sai da na tsaya ina kallo. Ban taɓa riƙe wuƙa mai kyan babbar nan ba. Ƙotar katako ce ja, an goge ta tana sheƙi, ruwan wuƙar kuma kana ganin fuskarka a ciki. Na yanka tumatir da ita, ta wuce kamar ba ta taɓa komai ba. Na ji daɗi har raina, na ce Allah ya rufa mini asiri, ba sai na yi wa kowa ƙarya ba.

Sai ranar da na sayo ƙirjin rago. Na fara yanka, kitse ya taɓa mini tafin hannu, ina danna wuƙar a kan guringuntsi sai kawai ta murɗe a hannuna, ta zame daga kan katako ta faɗo ƙasa, gefen ƙafata kaɗan. Na sunkuya na ɗauke ta. Maigidana ya shigo da ya ji ƙarar, na gaya masa, ya ce wataƙila riƙon ne ban yi da kyau ba. Ya naɗe hannun riga ya karɓa. Bai daɗe ba shi ma ta murɗe masa, ta ɗan shafi yatsansa har jini ya fito. Muka kalli juna. Na wanke ta, na sake gwadawa washegari da kaza, na sake da naman sa. Muddin hannu a bushe yake, lafiya lau. Da zarar kitse ko ruwa ya taɓa ƙotar, sai ta zama kamar sabulu. Kuma wa ya taɓa gyaran naman Sallah da busasshen hannu?

Na zauna na rubuta abin da na gani, ban sassauta ba. Ƙaramar kuwa layi ɗaya na ba ta, na ce ba ta da laifi amma ba ta da abin yabo. Maigidana ya karanta, ya ajiye wayar, ya ce, "Gaskiya kika faɗa. Amma ni ba zan so ina wurin ba ranar da Yaya zai karanta."

Na ɗauki damuwata na kai wa Hajiya a Moss Side. Ta haɗa mana shayi, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "'Yata, ba zan ce ki yabi abin da kika ga yana da haɗari ba. Na ɗinke hannun mata da yawa bayan Sallah. Amma in abin ya yi miki nauyi, ki cire tasa gaba ɗaya. Ki yi magana a kan sauran. Ba wanda zai tuhume ki."

Na so in karɓi wannan mafita, wallahi na so. Amma tun a bas na riga na yi tunaninta. Na ce, "Hajiya, tallarsa tana bangon baya, kuma kowa ya san yayana ne. In na yi shiru, mata za su ce kunya ce ta hana ni yabon na gida. Sai su saya."

Ta jinjina kai. "Haka ne. To abu biyu nake so. Ki faɗa wa masu karatu tun a layin farko cewa yayanki ne. Sannan kada ya fara gani a takarda. Ki je ki same shi, ki gaya masa baki da baki. In ya janye tallarsa, ya janye, mujallar ba za ta mutu ba."

Ranar Asabar muka kama hanyar Birmingham ni da maigidana, duk wuƙaƙen da na gwada a naɗe cikin tawul a but ɗin mota. Shi yana ta zolayata wai in 'yan sanda suka tsayar da mu ni zan yi bayani. Ni ko murmushi na kasa. Matar yayana, wadda nake ce wa Anti, ta tarbe mu da tuwon shinkafa da miyar taushe. Na bari sai da aka ci aka sha, sannan na ce, "Yaya, a kan wuƙar nan na zo."

Na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Maigidana ya nuna yatsansa. Yayana ya kalli yatsan. Da zai yi magana, bai ɗaga murya ba, kuma da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Kin san shekarun da na yi a kan abin nan?"

"Na sani, Yaya."

"Kuma ke ce za ki fara kashe shi tun bai fito ba."

Anti ta ce, "Haba, Baban yara, ai don kada ka gani a takarda ta taso."

Ya ɗaga mata hannu. Ya juyo gare ni ya ce, "Bari in gaya miki, Auta. Mutum ɗaya ba gwaji ba ne, sample ɗinki, wato masu gwadawar, ya yi kaɗan. Sannan kina ganin ke ba ki da son rai? Kina da shi. Tsoro kike kada a ce kin fifita yayanki, shi ya sa kika ɗora wa tawa ma'aunin da ba ki ɗora wa na Turawa ba. Wannan ma rashin adalci ne."

Maganar ta soke ni, don ban taɓa kallon abin ta nan ba.

Anti ce ta raba mu. Ta ce matar wani ɗalibi ta haihu, gobe suna, kuma saboda flat ɗinsu ƙarami ne a gidanta za a yi girkin. Bayan azahar mata za su zo gyaran nama da kaji. Babu wadda ta taɓa ganin wuƙaƙen a cikinsu, don yayana ya hana a nuna wa kowa kafin Sallah. "A zuba musu duka a tire," in ji ta, "naka da na Auta, kada a ce musu komai. Hannun mata ba ya ƙarya."

Yayana ya yarda nan take, har ya ɗan saki fuska. Da kansa ya ɗauko baƙin salatif ya rufe sunan da ke jikin kowace wuƙa. Shi da maigidana suka koma ɗakin cin abinci, aka bar ƙofar kicin a ɗan buɗe.

Mata suka zo, kicin ya cika da hira da ƙarar robobi. Anti ta ce musu ƙanwar maigidanta ce take gwada wuƙaƙe don mujalla, kowa ta ɗauki wadda ta ga dama. Hannu uku ne suka miƙa kan babbar wuƙar yayana a tare. Wata 'yar Zariya ce ta riga, ta ɗaga ta tana juyawa tana cewa, "Kai, wannan ai ta amarya ce!" Na san yayana yana ji, na san kuma yana murmushi.

Ba a daɗe ba na ji ta ce, "Subhanallahi!" Wuƙar ta zame mata. Ta goge hannu a tsumma ta ci gaba, ta sake zamewa. Sai ta ajiye ta a gefe ta ɗauki wata baƙa mai ƙotar roba, wadda ba ta da kyan gani ko kaɗan. Wata ma'aikaciyar jinya ta ɗauki ta yayana, ta yi 'yan yanka, ta ce, "A'a, ni Litinin ina da aiki, ina son yatsuna." Aka kwashe da dariya. Ita kuwa kakar jaririn, wadda ta zo daga Kano don wankan jego, ta naɗa wa ƙotar tsumma ta yi aiki da ita, ta ce kaifi kam akwai, amma wanda ya yi ta bai taɓa gyaran rago ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kalli Anti, ta duƙufa a kan albasa, ba ta ɗago ba.

Amma akwai abin da ban yi tsammani ba. Can sai na ji ana 'yar jayayya a gefen famfo. Mata biyu ne suke rigima a kan ƙaramar wuƙar yayana.

"Ba ni in gama attaruhun nan mana."

"Ke ma nemi taki, ni na fara ɗauka. Tun ɗazu nake fira doya ban ji hannuna ya gaji ba."

Ƙaramar wuƙar ta zagaya hannu wajen biyar a yammacin nan, kuma duk wadda ta riƙe ba ta son saki. Da ita suka cire tantanin nama, da ita suka gyara ƙundun kaji. Ita ƙotarta siririya ce, tana da ɗan lanƙwasa inda yatsa yake zama, ba ta zamewa. 'Yar Zariyar ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Don Allah wannan ƙaramar a wane shago kika samo ta? Uku nake so."

Na karɓa na fere doya da ita, na yanka albasa, a hankali, kamar ban taɓa riƙe ta ba. Kuma kusan hakan ne. A gida na ɗan taɓa ta ne kawai, raina duk yana kan babbar, sai na haɗa su na yanke musu hukunci ɗaya. Tsaye a kicin ɗin nan na gane rabin maganar yayana gaskiya ce.

Da mata suka fita falo sallar la'asar, yayana ya shigo kicin. Bai kalle ni ba. Ya naɗe hannun riga, ya ɗauki guntun kitse ya murza a tafinsa, ya ɗauki babbar wuƙar ya danna ta a kan ƙashin haƙarƙari. Ta murɗe. Ya gyara riƙo ya sake dannawa, ta sake murɗewa. Ya ɗaga ƙotar kusa da idonsa yana shafa ta da babban yatsa.

"Man gogewar ne," ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana. "Ni na ce su ƙara mata sheƙi. Kuma duk gwajin da na yi, da safar hannu na yi."

Na ce, "Yaya, ƙaramar kuma ni ce ban yi mata adalci ba. Zan gyara."

Ya wanke hannunsa ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, "Ki rubuta abin da kika gani. Duka biyun." Ya fita zuwa gareji, bai dawo ba har muka yi sallama da Anti.

Haka aka buga. Na fara da cewa ɗaya daga cikin wuƙaƙen nan na yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tallarsa tana bayan mujallar, don kowa ya karanta da saninsa. Na ce babbar tana da kaifi da kyau amma ƙotarta tana santsi in ta ji kitse, ban ba kowa shawarar saya ba. Na ce a aikin nama baƙar mai ƙotar roba ce ta fi, ƙaramar yayana kuma ita ce ta fi duk ƙananan da na gwada. Shi kuma bai janye tallar ba, sai dai ya canza ta, ya bar hoton ƙaramar ita kaɗai. Babbar ko ɗaya bai sayar ba.

Ba zan ce komai ya tafi sumul ba. Mujallar ta kai Kano, gwaggonmu ta kira ni ta wanke ni tas, ta ce boko ya sa na tona asirin wanda ya riƙe ni. Haƙuri kawai na ba ta. Yayana kuma, da yake duk Lahadi yana kirana, sai ya ɗauke ƙafa. In na kira, gaisuwa ce a gajarce. Wannan Sallar ba su zo Manchester ba, ya ce aiki ya yi masa yawa. Na yi kuka a ranar, ban ɓoye ba. Anti ce take gaya mini ta waya cewa ƙananan sun kusa ƙarewa, mata har daga London suke aikowa, amma kullum in ya shiga gareji ya ga kwalayen manyan sai ya fito shiru.

Sanyi ya shigo sosai kafin wata Lahadi in ga kiransa. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Auta, in aka yi ƙotar da ɗan kaushi, aka sa mata wuya a gaba inda yatsa zai tsaya, kina ganin mata za su ce ta yi muni?" Muka yi ta magana a kan ƙota har abincina ya kama. Bai ce ya huce ba, ni ma ban tambaya ba.

Da sabuwar babbar wuƙar ta fito a shekara ta gaba, na zaci ni zai aiko wa. Sai Hajiya ta kira ni tana dariya, ta ce yayana ya aiko mata da kwali, ya ce a ba kowa ya gwada ban da ƙanwarsa. Ta ba wata malamar jami'a da ba ta san shi ba. Ita kuma ta rubuta cewa ƙotar ta yi daidai, ba ta zamewa ko kaɗan, sai dai wuƙar ta ɗan yi nauyi ga mai ƙaramin hannu. Ya kira ni yana mita a kan maganar nauyin, wai matan Manchester ba a iya musu. Na bar shi ya gama, sannan na ce ya aiko mini da biyu, saya zan yi. Har yau sana'ar tana nan, ba ta mai da shi attajiri ba, amma tana tafiya, kuma yana jin daɗinta.

Abin da na koya shi ne, faɗin gaskiya a kan kayan baƙo ba wani abin alfahari ba ne, kowa zai iya. Sai abin ya zo kan naka kake sanin nauyinta. Na kuma koyi cewa son rai ba yabon naka kaɗai ba ne. Tsananta masa don kada a zarge ka shi ma son rai ne, kuma ya fi wuyar ganewa don kama da gaskiya yake yi. Tun daga nan, in zan yanke hukunci a kan abin wani, nakan faɗi alaƙata da shi a fili, in kuma sa wasu hannuwan su taɓa ban da nawa. In hukuncin mai ɗaci ne, nakan je in faɗa wa mai abin da bakina kafin kowa ya ji.